Bakin Murhun Inna

Tukunya aka fara saukewa daga bayan motar, sannan aka kama hannun Inna ta sauko. Babbar tukunyar dalma ce, baƙa ƙirin daga gindi har wuya, irin wadda take cinye tiya uku ta garin dawa ba ta nuna ta ci komai ba. Direban ya ce mani tun daga ƙauyenmu, can ƙasar Sabuwa gaba da Damari, hannun tsohuwar nan na kan murfin har suka shigo Kankara. An baro gado, an baro rumbu biyu da hatsi ciki, an baro awaki. Amma tukunyar nan ta ce ko a sa ta a mota, ko a bar su nan su biyu.

Ba sai na tsaya bayanin abin da ya tashe mu ba. Duk wanda ke zaune tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa a shekarun nan ya sani. Mutanen daji sun hana noma, sun hana barci, gidanmu da ake kwana mutum talatin da ɗoriya ya watse cikin mako guda. Ƙanena mai bi mani ya kwashi iyalinshi ya yi Funtuwa. Na bayanshi ya yi Zariya. 'Yan'uwana mata kowace ta bi mijinta inda ƙafa ta kai shi. Inna ta faɗo kasona, don ni ne babba, kuma ni ne mai gida a gari da ɗakuna ba kowa ciki.

In na ce ba kowa, to da gaske nake. Matata ta rasu shekara uku kafin nan, Allah ya jiƙanta. Ɗana yana aiki Kaduna, ɗiyata tana aure Katsina. Ni kuma na aje aikin koyarwa, na zauna a gidan da na gina bakin gari, inda maƙwabtana rabinsu kangaye ne da ba a rufa ba. Na saba da jin motsin kaina kawai. In ƙofa ta yi ƙara, na san iska ce.

Sai ga wata matsala da ban taɓa tunaninta ba. Ni ne ɗan Inna na fari, ita kuma mutuniyar da ce sosai. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta cin abinci a gabana. Kakata ce ta raine ni, a ɗakinta na girma. A ƙauye wannan kunyar ba ta taɓa damuna ba, don kullum akwai wanda za a aika. Sai ka ji ta ce ma wata cikin surukanta, "Ku gaya ma na Kankara ga tuwonshi nan." To yanzu mu biyu ne rak, wa za a aika? Wallahi kaza ta riƙa aikawa. Ina da wata farar kaza mai yawo tsakar gida, sai Inna ta dube ta ta ce, "A gaya ma mai gidan nan gishiri ya ƙare." Ni kuma da furfurata sai in amsa ma kaza, "To, an ji." Ranar farko na yi dariya. Daga baya abin ya daina ba ni dariya.

Akwai kicin a cikin gidan, na marigayiya, da gas da kanta da komai. Sau ɗaya Inna ta leƙa shi. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce ma ƙofar, "Mutum ya yi girki a tsaye, kamar mai jiran mota?" Ta juya. Washegari ta samo duwatsu uku ta girka jikin bangon ɗakina, ta hura wuta da kara. Kwana biyar tana haka, hayaƙi ya zana baƙin layi a bango har zuwa taga.

A nan na yi wauta. Ni mutum ne mai saurin baki, ɗalibaina sun sani, marigayiya ta fi su sani. Na dawo daga kasuwa rana ta dafa ni, na ga bangon, sai na ce, ina kallon kaza, "Haba! Fentin nan fa bai shekara ba." Iyakar abin da na ce ke nan. Inna ta tashi ta shige ɗakinta. Da yamma na ga duwatsun a jere can gindin katanga, an share tokar tas, har an ɗan goge bangon da tsumma. Ba ta sake hura wuta ba.

Na ba da haƙuri, ta hanyar kaza da kuma kai tsaye. Ba ta ce ta yi fushi ba. Sai dai ta daina fitowa. In na sayo abinci ko na dafa 'yar taliyata na aje mata bakin ƙofa, sai kwanon ya dawo an ɗan taɓa gefe. Ta rame, zanenta ya riƙa zagaya ta da saura. Kayanta kuma, da ta kwance ta jera, sai na hango ta sake ɗaure su cikin wani shuɗin zane, ƙullin yana kan gado. Kullum da safe sai ta tambayi iska, "Ko an ce hanyar gida ta buɗe?" Ta ji labarin wasu tsofaffi sun koma, wai su mutuwa ta same su a ɗakinsu. Na san halinta. Tsorona ɗaya ne, in fita wata rana in dawo in tarar ta ɗauki ƙullin nan ta nufi tasha. In ta koma ƙauyen nan, na san ba zan sake ganinta ba.

Shi ya sa na yanke shawarar gina mata madafi a filin da ke bayan ɗakuna, kusa da iccen bedi, wato darbejiya. Na ce in ta samu wurin da yake nata, inda ba mai yi mata maganar fenti, wataƙila ta kwance ƙullin.

Da yake malamin makaranta ba ya rabuwa da halinshi, sai na ɗauko takarda da rula. Ɗana ya turo mani hotuna ta waya, irin wuraren girki na waje da masu hali ke yi, na zauna kwana uku ina zane. Na sa kanta mai tayil daidai ƙugu. Na sa wurin wanke-wanke da famfo. Na sa wurin gasa nama, ni da ban tuna rabona da gasa nama ba. Har kibiya na zana mai nuna inda hayaƙi zai bi, kamar hayaƙin zai karanta.

Maginin da na samo dattijo ne, shi ma tashin ne ya kawo shi Kankara daga wajen Daudawa. Na miƙa mashi takardar ina jiran yabo. Ya riƙe ta, ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ce, "Malam, wa zai yi girkin? Kai ko Hajiya?"

Na ce, "Ita."

Ya ce, "To a kira ta mana."

Na ce ba ta fitowa. Bai saurare ni ba. Ya matsa kusa da tagarta ya ɗaga murya ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, an ce in yi maki madafi, ni kuwa ban san inda iskar gidan nan take bi ba. Ko za a taimaka mani?"

Can sai na ji motsin takalmi. Ta fito da 'yar kujerarta ta tsugunno a hannu, ta aje gindin bedi ta zauna. Rabon da in gan ta a rana ya kai kwana goma. Kuma da yake ta samu ɗan aike mai baki, sai magana ta ɓalle.

"A gaya mashi," in ji ta, tana kallon magini, ni ina tsaye taku biyu, "wanda ya zana wannan bai taɓa ganin ruwan sama ba? Ya buɗe ƙofa gabas. Hadari in ya taso ta ina yake zuwa?"

Magini ya juyo ya ce mani, fuskarshi ba dariya, "Malam, an ce ka buɗe ƙofa gabas."

Na ce na ji. Haka aka bi zanena layi-layi aka kashe. Madafi zai ba gabas baya. Bangon gabas ya kai sama, sauran su tsaya daidai ƙirji, a bar fili tsakaninsu da kwano don hayaƙi ya samu hanya. Kanta ba ta so, mai girki zama take yi. Kada a shafe ƙasa duka da siminti, a bar wani wuri da ƙasarshi don turmi, in ba haka ba daka ɗaya zai fasa daɓen. A zuba yashi a lungun da inuwa ta fi daɗewa, nan randa za ta zauna. A yi 'yar rumfa a gefe don icce da kara, kada damina ta jiƙa su. Famfon kawai ta bari, shi ma bayan magini ya roƙa mani. Takardata dai a ƙarshe da ita aka kunna wutar shayin magini, ban ma ji haushi ba. Ina kallon Inna tana nuni da hannu, muryarta ta dawo, na ce ko duka gidan ta ce a rushe sai a rushe.

Mako biyu ana aikin. Bulo ya hau, an kafa ginshiƙai, an buga kwano. Kullum tun hantsi tana gindin bedi, ita da magini suna hirar garuruwan da suka bari, wane rafi ne ke ƙafewa da wuri, wace gona ce ke ba da dawa mai nauyi. Ta fara cin abinci. Ni ina gefe ina miƙa bulo, ina satar jin labaran uwata da ban taɓa ji ba. A bakin magini na fara sanin cewa tana tsoron kwaɗi.

Sai aka zo kan murhu. Ta ce ba na siminti ba, siminti ba ya jure wuta. Jar ƙasa za a samo ta jikin suri, a cuɗa da ƙaiƙayi, a bar ta ta kwana biyu. Kuma murhun ƙasa a jikin tukunya ake auna shi, don bakin ya kama gindinta daidai, wuta ba ta tsere ta gefe. Magini ya ce a kawo tukunyar da za a riƙa ɗorawa. Inna ta nuna ɗakinta. Ni na shiga na rungumo babbar tukunyar nan na kawo. Magini ya girka ta a ƙasa, ya ɗauki tsinke zai ja layi kewaye da ita, sai ya tsaya.

"Malam, ku nawa ne a gidan?"

Na ce, "Mu biyu."

Ya dubi tukunya, ya dubi Inna. Ya ce, "Hajiya, bakin nan zai yi faɗi ƙwarai. In an yi shi haka, ƙaramar tukunya ba ta zama, ciki za ta faɗa. Bari in yi maki baki biyu, babba da ƙarami."

Ta ce, "Ƙaramin na wa?"

Ya ce, "Na yau da gobe. Babban sai ranar taro."

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ni hannuna bai san tuwon mutum biyu ba. Tun da aka kai ni gidan aure ban taɓa ɗora ƙaramar tukunya ba, sai ko ta magani. Yaran nan ai tahowa za su yi. In sun zo su tarar da mi? A tambaye shi, ba za su zo ba?"

Magini bai juyo ya maimaita mani ba a wannan karon. Ya dai dube ni. Ya san amsar, ni ma na sani. Kowa ya kama haya inda yake, yara sun shiga makaranta, mai bi mani har ya fara 'yar sana'a a kasuwar Funtuwa. Gidan nan da ya watse ba zai sake haɗuwa kan tukunya ɗaya ba. Amma na tuna shuɗin ƙullin da ke kan gado, sai na ji bakina yana cewa, "Za su zo mana. Da Sallah duk za su zo, wasu ma su zauna. A yi shi babba, baki ɗaya."

Magini ya ce, "To." Ya ja layin.

Da hannunta ta shafe murhun. Ta hana magini sa cokalin gini, ta riƙa tsoma hannu a ruwa tana lailaya ƙasar har ta yi sumul, sawun yatsunta na nan a jiki. Aka bar shi ya bushe kwana huɗu. Ranar da magini ya tattara kayanshi, ta raka shi har zaure, abin da ba ta taɓa yi ma kowa ba a gidan. Da ya tafi sai muka koma ni da ita da kaza.

Ranar da ta fara hura wuta na leƙa ɗakinta, na ga an kwance ƙullin. Na shiga ɗakina na yi ma Allah godiya.

Tuwon farko kuwa, tukunya ta cika. Tun la'asar take fama. A ƙauye surukanta ne ke tuƙi, su biyu suna karɓa-karɓa, ita nata rabo ne kawai. Yanzu ga ta ita kaɗai da muciya mai tsawon rabin jikinta, tana tuƙi tana nishi. Na matso na ce a kawo in taya. Ta ce ma muciya, "Namiji da furfura? Allah ya kiyaye." Na koma na zauna.

Da ya sulala ta jera kwanuka, ta fara kwasa da mara yadda ta saba, bisa tsarin gidanmu. Na babba, wato ni. Na mai bi mani da iyalinshi. Na na bayanshi. Na 'yan mata. Na yara, babban kwano guda. Da na baƙon da ba a san da zuwanshi ba. A gidanmu ba a hana wanda ya yi tafiya rabonshi, sai a kwashe a rufe da faifai a aje mashi har safe, ko da zai iso. Ta rufe su duka ta jera kan bangon madafi. Ta aje mani nawa kan tabarma gindin bedi, ta ɗauki nata ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Na ci tuwon da ban ci irinshi ba tun ina saurayi, miyar kuka da daddawa har ƙamshin na tsaya maka a wuya. Ina ci ina kallon kwanuka biyar a rufe. Kaɗaicin da na ji a wannan magaribar ya fi na shekara ukun da na yi ni kaɗai.

Maganar magini ta fito. Na gwada kawo mata tukunya madaidaiciya, ta zurma cikin bakin murhun har wuya. Ta gwada rage gari a babbar, tuwon ya bi gindi ya ƙone, rabi ya zama ƙanzo. Murhun nan bai san komai ba sai girkin mutum talatin. Sai ya zama ta yi girki yau, mu yi kwana uku muna ɗumame. Ta shanya saura a kan kwanon rumfa. Kaji suka yi ƙiba har suna tafiya da ƙyar. Ta riƙa aika ni da kwano gidajen maƙwabta uku da muke da su, in ƙwanƙwasa get in tsaya ina jira. Mutanen kirki ne, suna karɓa da godiya, washegari su maido kwano a wanke tas. Inna sai ta buɗe ta leƙa ciki. A ƙauyenmu kwano ba ya dawowa haka, ko ɗan gyaɗa ne sai an sako. Duk da haka kullum sai ta leƙa.

Ina ganin kafaɗarta ta fara ciwo. In ta gama tuƙi sai ta daɗe riƙe da ita. Duk da haka tana jurewa, don tana lissafin kwanakin Sallah. Ni kuwa ina ganin kwanakin na matsowa. Na bi 'yan'uwana ɗaya-ɗaya a waya. Na roƙa, na yi faɗa, na tuna masu ni ne babba. Kowa ya ce in Allah ya so. Na san irin wannan in Allah ya so ɗin, ni ma na sha faɗinta.

Ana gobe Sallah ta sa na kai dawa inji, tiya uku cif. Ta wanke kwanuka duka. Ta share madafi har sau biyu.

Washegarin Sallah da hantsi mota ɗaya ta tsaya ƙofar gida. Mai bi mani ne da matarshi, ba yara. Tun kafin ya zauna ya ce mani a hankali, "Yaya, da azahar za mu juya. Ka san hanyar, in rana ta karkata ba a bin ta." Sauran a waya suka yi gaisuwa, ina riƙe ma Inna wayar a kunne tana ta cewa, "To, to, Allah ya yi albarka. Yaushe za ku taho?" Tuwo abincin dare ne, amma da ta ji batun azahar sai ta tashi ta hura wuta da rana tsaka. Surukarta ta karɓi muciya ta yi tuƙin, Inna na zaune tana kallo, fuskarta ta yi haske. Tsawon awa ɗaya madafin nan ya zama abin da aka gina shi dominshi. Suka ci malmala ɗaya-ɗaya a gaggauce, ƙanena na duba agogo. Ta cika masu kula biyu. Kafin a kira la'asar sun yi nisa.

Ta dawo ta kwashe sauran kamar kullum, ta rufe, ta jera. Ta zauna kan kujerarta tana kallon wutar har ta mutu. Ni kuma na shiga ɗaki na kira na Zariya na zazzage mashi, na ce sun yar da uwarsu, na ce abubuwan da daga baya sai da na nemi gafara. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, in na ce zan taso yanzu da yara, za ka bar ni?" Na kashe wayar, don ba zan bar shi ba.

Kwana uku ba a hura wuta ba. Rana ta huɗu na wuce ta ƙofarta na hango shuɗin zanen a shimfiɗe kan gado. Na ce shi ke nan, ƙaryata ta ƙare, kuma ni na jawo. Da na bari an yi mata ƙaramin baki, da yanzu ta saba. Na ɗora ta kan jiran abin da ba shi zuwa, ga shi ta gani da idonta.

Washegari na dawo daga masallaci gari ya yi haske, na tarar ƙofarta a buɗe. Ba ta ciki, ba shuɗin zane, ba takalmanta. Ban ma tsaya rufe gida ba. Na hau babur na yi tasha, na bi motocin Faskari da na Funtuwa ɗaya-ɗaya ina leƙa taga, ina tambaya ko an ga wata tsohuwa doguwa da ƙulli. Ba wanda ya gan ta. Na tsaya tsakiyar tasha da hular masallaci a karkace, mutum mai jikoki, hawaye na zubo mani kamar yaron da aka manta a kasuwa. Na rasa wanda zan kira, don duk wanda na kira sai na gaya mashi abin da na yi.

Na dawo gida rana ta ɗaga. Ina shiga na ji wani sauti ta baya, taf, taf, irin na hannu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na zagaya.

Tana durƙushe gaban murhu. Gefenta kwanon sarki ne cike da jar ƙasa, ta je can bayan kangaye inda suri yake ta ɗebo da kanta. Shuɗin zanen yana ƙasa a naɗe, gammo ta yi da shi. Babbar tukunyar an wanke ta an kife a lungu, bayan randa. Ƙafafunta duk laka, tana cuɗa ƙasar da ƙaiƙayi.

Na tsaya. Kaza ba ta kusa, na ma duba. Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "Ɗauko mani tukunyar marigayiya. 'Yar ƙaramar da ke saman kanta."

Da ni take. Ba a ce a gaya ma kowa ba.

Na shiga kicin na ɗauko. Tukunyar da matata ke dafa mamu tuwo ce bayan yara sun tashi, tun rasuwarta ban taɓa ta ba. Na kawo. Inna ta ce, "Durƙusa ka riƙe ta nan tsakiya. Kada ka bari ta karkace." Na durƙusa na riƙe ta cikin faffaɗan bakin nan, ita kuma ta riƙa ɗibar ƙasa tana cike tsakanin tsohon bakin da gindin tukunyar, tana dannawa da tafin hannu. Kanmu ya kusa haɗuwa. Tun da aka haife ni ban taɓa zama kusa da ita haka ba, har ina jin numfashinta.

"Ta mutum biyu ce ko?" in ji ta.

Na ce, "Eh, Inna."

"To ta ishe mu. Ka gaya masu kada wanda ya sake biyo hanyar nan don ni. Ina nan."

Abin da nake nema ke nan tun ranar da aka sauke ta daga mota. Na samu, amma ban ji daɗin da na zata ba. Ina kallon bakin murhun yana tsukewa a hannunta, na san gidanmu ne take rufewa. Na ce, "Inna, ki yafe mani. Ranar da na ce za su zo, na san ba su zuwa."

Ta tsoma hannu a ruwa ta lailaye gefen da ke wajena. Ta daɗe tana lailayawa.

"Ai na sani," ta ce. "Tun ran da ka faɗa na sani. Na ƙyale ka ne, don na ga kai ma kana so su zo." Ta ɗebo wata ƙasar. "Riƙe da kyau, tana karkacewa."